Katakon Hoton Waliyya

Gara ta cinye katakon hoton,
ta bar gilashi, ta bar fuska.
Masera Filomina ta aiko yaro shagona a Zango,
wai in zo da awo da guduma.

Na tarar da ita a inuwar dogon-yaro
tana ƙirga ƙwayoyi a murfin gwangwani.
Mata a benci, kowa da goyo,
jarkoki jere a bakin famfon
da ya kwana huɗu bai ce uffan ba.
Damagaram ke nan: dutse ya ƙoshi, tulu na azumi.

Ta sauko da hoton da hannu biyu
kamar mai sauke tukunya daga murhu.
Tsohuwa ce, Baturiya,
ido ɗaya ya ɗan fi ɗaya buɗewa,
da kallon mai jiran ka gama magana
ta koma bakin aikinta.

Na ce, "Uwarki ce?"
Ta ce, "Uwarmu duka, ba ta haifi ko ɗayanmu ba.
Ƴar mai yadi ce a wani gari mai sanyi.
Annoba ta ɗauke mata miji da ɗa a mako guda.
Da hawaye suka ƙafe sai ta buɗe shagon ubanta,
ta yayyaga yadin masu kuɗi
ta mai da shi ƙyallen ɗaure miki.
Dangi suka ce ta taɓu.
Mata uku suka biyo ta, ɗaya gurguwa.
Ta rubuta tsarinsu a takarda bakwai,
manya suka zauna a kai shekara goma sha ɗaya.
Ba ta jira ba. Miki ba ya jiran hatimi."

Na sa awo: kamu biyu da yatsa uku.
Na ce, "Ta taɓa zuwa nan?"
Ta yi dariya har ƙwaya ta faɗi.
"Ko teku ba ta gani ba, Mutari.
Gādonmu allura ce, da kwano, da magana ɗaya:
kar ki tambayi mai ciwo inda yake ibada
sai kin wanke masa ƙafa."

Sai ƙafar Inna ta faɗo mini.
Shekarar da kurkunu ya kwantar da ita
muka kawo ta daga Mirriya a amalanke,
ina yaro, ni ke riƙe da tabarma.
Wata mai farin lulluɓi ta durƙusa a ƙasa
tana naɗe tsutsar a tsinke,
kullum kaɗan, kullum kaɗan,
kwana ashirin ba ta tsinka ba, ba ta tsuke fuska ba.
Inna na jan carbinta, ita ma na jan nata,
kowa da ƙirgensa.
Ashe daga shagon yadi hannun nan ya taso.

Na koma. Na ture katakon akwati,
na ciro guntun maɗacin da na ɓoye don ƙofar ɗakina,
wanda gara ke gaisarwa daga nesa.
Na goge, na haɗa kusurwa huɗu.
Ladan ya kira la'asar,
na juya ta ta dubi bango,
na sallame, na juyo ta, muka ci gaba.

Ni Musulmi ne ɗan Musulmi.
Wanda Allah ya kusantar, Shi ya sani,
littafin nan ba a shagona yake ba.
Amma na san rijiya:
mai haƙa ya daɗe da rasuwa, guga na shiga.

Ta ce, "Nawa?"
Na ce, "An biya tun ina yaro."
Ta buɗe baki za ta yi gardama,
sai famfo ya yi tari, ya tofo jan ruwa.
Benci ya watse, goyo na rawa a baya,
Masera ta suri roba, takalmi ɗaya a ƙafa,
ta bar ni tsaye da uwarsu a hannu
ina lalubar ramin tsohuwar ƙusa.